Bimbinin Safiya: Ina Hannunka Ya Kwana?

   

Akwai wani hukunci da yaro ke koya tun yana karatun Ahalari, ya girma yana aiki da shi, wataƙila har ya tsufa bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kansa ba. Idan mutum ya farka daga barci, ba ya tsoma hannunsa cikin abin ruwan alwala sai ya fara zubawa ya wanke shi sau uku. Asalinsa hadisi ne daga Abu Huraira, ya zo a Buhari da Muslim, kuma dalilin da aka bayar shi ne mai barci ba shi da labarin inda hannunsa ya yi yawo cikin dare. Ka lura da kyau, ba a ce hannun yana da dauɗa ba. Kana iya ɗaga shi gaban fitila ka gan shi tas. An dai hana ka amince masa ne saboda abin da idonka bai gani ba.

Da wannan hukunci nake so mu wayi gari yau, mu jama'ar Jiga Makera da na Aliero, Jega da Maiyama, domin akwai bayin Allah da lafiyarsu kacokan ta rataya a kansa: masu ciwon ƙoda da ake yi wa wanki ta ciki, da waɗanda ke jinyarsu.

Yawancinmu in an ce wankin ƙoda, inji muka sani. A shiga mota a tafi babban asibiti, a kwanta awa huɗu, jini ya fita ta roba ya zaga cikin na'ura ya dawo. Amma akwai hanya ta biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya ga wani siririn tantani mai sheƙi da ya lulluɓe hanji, ya kuma shimfiɗe bangon ciki. Ɗan Adam ma yana da shi, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Likita zai yi ɗan aiki ya dasa roba mai laushi kusa da cibiya, kanta ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Ta nan ake ɗura ruwan magani mai sukari, kamar lita 2 ga babban mutum, a bar shi awa 4 zuwa 6. Dattin da ƙoda ta kasa fitarwa da ruwan da ya taru a jiki sai su riƙa tsatsowa ta tantanin nan suna shiga ruwan. A juye shi, a ɗura sabo. Sau 4 a yini, kullum, babu hutun Juma'a, babu na Sallah. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ajiye wa bawa matata ta biyu a cikin cikinsa tun ta farko ba ta gaza ba.

Hanyar ba ta yawaita a Najeriya ba. Ruwan tsada gare shi, galibi daga waje ake shigo da shi, kuma lita 8 a yini, wato lita 240 a wata, ba ƙaramin kaya ba ne a ce za a riƙa ɗaukowa har Jega. Inda aka fi yin ta a ƙasar nan shi ne sashen yara na asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da ke Kano, ga yaran da ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya bayan zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko amai da gudawa. A yi musu na 'yan kwanaki, in Allah Ya so ƙodar ta farfaɗo a cire robar. A Sudan kuwa, ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu, a 2005 gwamnati ta kafa shiri na ƙasa, manya suka riƙa yi wa kansu wankin a gidajensu. Duk da haka abin da zan faɗa bai tsaya kan masu wankin ciki kaɗai ba. Gidan da ke da mai roba a wuya don wankin inji, ko tsoho mai robar fitsari, su ma su kasa kunne.

Kogon ciki, a wajen hanji, wuri ne da Allah Ya rufe ruf, babu ƙwayar cuta a cikinsa. Robar nan ƙofa ce aka buɗe masa. Ruwan da ake ɗurawa kuma ga ɗumi ga sukari, abin da ƙwayar cuta ke nema ke nan ta hayayyafa. In ta samu shiga sai tantanin ya kumbura, ciki ya ɗauki ciwo, ruwan da ke fita ya yi duhu-duhu. To daga ina take zuwa? Mutanenmu sukan ɗora laifin a kan iska ko sammu ko abincin jiya. Mafi yawan lokaci daga fata take, daga hanci, daga yatsun marar lafiyar ko na mai jinyarsa, a ɗan lokacin nan da aka cire murfi ana haɗa roba da ledar ruwan. Wani lokaci ta bi ta gefen robar daga inda ta huda fata. Wani lokaci kuma daga hanji take ƙetarowa, musamman ga mai fama da taurin bayan gida ko gudawa.

Masu ilimin abin sun sha wuya kafin su kai inda ake yau. A 1968 wani likita a Amurka, Henry Tenckhoff, ya fito da robar da za ta iya zama a ciki wata da watanni, har yau da sunansa ake kiranta. A 1976 Robert Popovich da Jack Moncrief suka tsara yadda mutum zai riƙa yawo da ruwan a cikinsa yana harkokinsa. A lokacin kwalabe ake amfani da su, haɗe-haɗe da yawa, kuma kusan kowane wata biyu zuwa uku sai cikin marar lafiya ya kamu. Sai Dimitrios Oreopoulos a Kanada ya koma ga ledar roba a 1978, sannan Umberto Buoncristiani a Italiya ya kawo bututu mai reshe biyu a 1980, wanda ake fara kora ɗan sabon ruwa zuwa ledar zubarwa ya ɗauraye mahaɗar kafin a buɗe wa ciki. Duk wannan wahala kan abu guda aka yi ta: a rage yawan taɓawar hannu. Ƙa'idar da ƙungiyar masana wankin ciki ta duniya ta fitar a 2022 ta ce cibiyar da ke aiki da kyau kada majinyatanta su wuce kamuwa 0.40 a shekara, wato kamar sau ɗaya cikin shekara biyu da rabi. Ka yi lissafi da kanka. Wanki 4 a yini ya zama 1,460 a shekara, 3,650 a shekara biyu da rabi. A buɗe ƙofar ciki sau 3,650, kuskuren da ake iya haƙuri da shi guda ɗaya ne. Wannan ba aikin gwaninta ba ne kawai. Aiki ne na mai tsoron Allah.

Bari mu leƙa ɗaki ɗaya, irin wanda za a iya samu a kowane gida namu. An idar da sallar asuba. Dattijo yana zaune bakin gado, 'yarsa ce ke yi masa. Tun jiya da yamma ta share ɗakin ta yayyafa ruwa, don ba a shara dab da wanki, ƙura ake tayarwa. Ta kori kyanwa, ta rufe taga saboda hazon hunturu, ta kashe fanka, ta tura ƙyaure. Ta goge faifan tire da maganin da aka ba ta. Ta ɗauko leda ta duba kwanan wata, ta matsa ta ga ko tana yoyo, ta ɗaga ta ga ruwan garau yake. Ledar ta kwana naɗe cikin bargo don sanyinta ya ragu, ba a tsoma ta cikin ruwan zafi ba, domin ruwan tukunya yana iya taɓa bakinta. Ta sa takunkumi, ta sa wa mahaifinta. Ta cire zobe da awarwaro, ƙanenta ya zuba mata ruwa daga buta, ta cuɗa sabulu tsakanin yatsu, bayan hannu, ƙarƙashin farce, babban yatsa, har wuyan hannu. Ta tsane da ƙyalle mai tsabta har hannun ya bushe ƙayau, ta shafa man kashe ƙwayoyin cuta, ta jira shi ma ya bushe. Daga nan hannun nan ba nata ba ne. Ɗankwali ya zame, ta bar shi. Waya ta yi ƙara, ta ƙyale ta.

Ta cire murfi ke nan sai aka buga ƙyaure.

"Salamu alaikum, Yaya, an tashi lafiya?"

"Ke, buɗe wa gwaggonki mana," in ji dattijon ta bayan takunkumi.

"Baba, ka yi haƙuri, kada ka yi magana, na buɗe robar. Gwaggo, ki gafarce ni, a ba ki tabarma a tsakar gida, yanzu nan zan fito."

A wurinmu wannan abu ne mai nauyi. Yarinya ta bar ƙanwar mahaifinta a waje, ta kuma ce wa mahaifinta ya yi shiru. Wani zai ce rashin kunya ce, boko ya ɓata ta. Ni kuwa ina ganin babu biyayyar iyaye da ta wuce wannan a safiyar nan. Dubiya haƙƙi ne na musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma ladanta mai yawa ne, amma an shar'anta ta ne don sauƙaƙa wa marar lafiya. Wanda ya zo dubiya ya tarar da ƙofa a rufe, ya zauna ya jira minti talatin ko arba'in da wankin ke ɗauka, yana yi masa addu'a daga waje, ladansa biyu: na dubiya da na haƙuri. Wanda ya ce shi ba a rufe masa ƙofa a gidan ɗan'uwansa, ya bankaɗa labule ya shiga da ƙurar hanya da tarinsa, girman kansa ya zo dubawa.

Haka batun tofi. Ba mai hana a yi wa marar lafiya addu'a, ai ita ce makaminmu. Amma bakin ɗan Adam, ko na waliyyi ne, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, haka Allah Ya halicce shi. Malam ya jira a rufe robar a lulluɓe ta, ya ɗora hannu a ka ya karanta abin da zai karanta. Addu'a ba ta bukatar a kai ta bakin rauni kafin ta isa wurin Allah. Ruwan rubutu kuma kada a shafa shi inda robar ta fito. Haka zuma, man shanu, man kaɗe, habbatus sauda, toka, garin magani. Ko me aka ce suna yi a wani wurin, nan ba wurinsu ba ne.

Akwai wani wuri da masu ibada suke yin tuntuɓe, kuma da kyakkyawar niyya. Mutum ya yi alwala cikakkiya, sai ya ga ai yana da tsarki, me ya rage? A fiƙihunmu na Malikiyya, ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba mai tsarki ne, mai tsarkakewa. Ruwan rijiya, ruwan gulbi, ruwan randa, duk suna ɗauke hadasi, salla ta inganta. Wannan gaskiya ne, babu ja. Amma shari'a ta yi wannan hukunci ne don tsayuwa gaban Allah, kuma ta gina shi kan sauƙi. Ba ta ce ruwan ba shi da ƙwayar cuta ba. Ruwan randar da yara ke tsoma moɗa ciki yini guda halal ne ga alwala, haɗari ne ga robar ciki. A tafasa wanda za a wanke hannu da bakin rauni da shi, a bar shi ya huce a rufe. Kuma hannun alwala jiƙaƙƙe ne, ya shafi hanci, ya shafi kai da kunne, ya ƙare a ƙafa. Jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe ɗaukar ƙwayar cuta daga wuri zuwa wuri. Wanda rashin lafiya ta sa shi yin taimama kuwa, ƙasa ya dafa. Kowannensu sai ya sake wanki na musamman kafin ya kusanci robar. Masu ƙyamar man shafa hannu saboda sinadarin da ke cikinsa su tuna lokacin korona a 2020, malamai da dama sun yi bayanin halaccin amfani da shi don kariya.

Mu a nan manoma ne. Albasar Aliero ta kai har Kudu da ƙasashen maƙwabta, kuma ba a samunta sai da taki da ban ruwa da hannu cikin laka. Wannan hannu mai albarka ne, amma ƙarƙashin farcensa gari guda ne na ƙwayoyin cuta. Wanda zai riƙa yi wa wani wanki ya yanke farce ƙwal, kuma kada ya shigo ɗakin da kayan gona. In yana mura ko yana da gyambo a yatsa, ya ba wani da aka koya wa. Shi ya sa ake so kowane gida a koya wa mutum biyu.

Bakin raunin, inda robar ta fito, shi ma yana da nasa haƙƙin kullum. A wanke shi yadda nas ta nuna, a tsane shi ya bushe, a shafa ɗan man da likita ya rubuta, mupirocin ko gentamicin, a rufe da auduga mai tsabta. In ɓawo ya yi kada a ɓamɓare. A manne robar da filasta don kada ta riƙa lilo tana jan fata. Zariyar wando da ɗaurin zane su kauce mata, haka guru ko laya da wasu ke ɗaurawa a ƙugu. A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumi yana jiƙa audugar, sai a canza, kada a ce ai ɗazu aka sa. Shiga gulbi ko kududdufi ya ƙare. Wanka sai dai a zuba daga sama, sannan a gyara wurin nan take. Wanda wankan tsarki ya kama shi alhali raunin sabo ne, ya tambayi malaminsa hukuncin shafa a kan ɗauri, addini ya riga ya yi masa rangwame. Ja, kumburi, zafi ko mugunya a wurin, ranar da aka gani ranar ake faɗa wa asibiti.

Yanzu ga inda zuciyar maganar take. Satin farko ba shi ne abin tsoro ba. A satin farko hannu rawa yake yi, mai jinya tana tuna kowane mataki kamar karatun hadda. Abin tsoro shi ne wata na shida, wata na goma, lokacin da hannu ya saba, aka yi ɗaruruwan wanki ba abin da ya faru. Ran nan sai a ce takunkumin ya faɗa bayan gado, bari kawai in yi sauri. Gobe a ce ai yanzu na wanke hannu wajen girki. Jibi a mayar da tsohon murfi saboda sababbin sun kusa ƙarewa. Kuma sau da yawa ba abin da zai faru ranar, wannan shi ne tarkon. Allah Ya suturta sau ɗaya, sau biyu, sai bawa ya ɗauki suturar a matsayin izini. Likitocin Sudan da suka bi majinyatansu har gida sun tarar cewa waɗanda suka fi riƙe abin da aka koya musu su ne suka fi ƙarancin kamuwa. Saboda haka ne masana suka ce a riƙa sake koyarwa lokaci-lokaci, ko ga wanda ya daɗe yana yi. Babu abin kunya a ce wa nas, "Ki kalle ni in yi, ki gyara mini."

Mai salla ya san wannan ciwo. Ka yi shekara arba'in kana salla, sai ka tsinci kanka a raka'a ta uku ba ka san yadda ka zo ba. Allah da Ya san halinmu bai ce wanda ya yi rafkanwa ya halaka ba, sai Ya ba mu ƙabli da ba'adi. Amma gyaran yana ga wanda ya yarda ya yi rafkanwar. Wanda ya san ya bar zaman tahiya ya basar don kada mamu su gane, kansa ya cuta. Haka wankin ciki. Yatsa zai iya taɓa bakin roba. Tari zai iya kuɓucewa. Leda za ta iya ɓallewa, ko a ga robar ta tsage tana ɗiga. Gyaransa shi ne a tsaya nan take, a datse robar, kada a ɗura komai, a sa sabon murfi, a kira asibiti a faɗi gaskiya. Sau da yawa za su canza guntun bututun waje su ba da magani na kariya, magana ta ƙare. Amma yarinyar da ke tsoron faɗan yayyenta, ko amaryar da ke tsoron a ce ta kashe mijinta, za ta yi shiru ta ci gaba. Ku masu gida, in kuna so a riƙa gaya muku gaskiya, kada ku mayar da kuskure abin zagi. Wadda ta ce "na taɓa" ta cancanci a sa mata albarka.

Kowane wanki kuma yana ƙarewa da dubawa. A ɗaga ledar da ta fito a kalle ta a haske. Lafiyayyen ruwa garau yake, ɗan rawaya-rawaya kamar fitsarin mai shan ruwa sosai. Dabarar da ake koyarwa ita ce a sa takarda mai rubutu a ƙarƙashin ledar, in ana iya karantawa ta cikin ruwan to alhamdu lillahi. A nemi kwalin magani ko na sabulu don wannan, kada a ɗauko takarda mai aya ko sunan Allah, domin abin da ke cikin ledar dattin jiki ne, masai za a kai shi. Idan rubutun ya dushe, ruwan ya yi kamar an ɗiga masa madara, to ko ciki bai fara ciwo ba, ko babu zazzaɓi, an kamu har sai gwaji ya ce ba haka ba. Ba a jiran wanki na gaba a ga ko zai washe. Ba a zubar da ledar, da ita ake tafiya, a cikinta za a gano irin ƙwayar cutar. Kuma ba a biyawa kemis a sayi kafso a haɗiya tukuna, yin haka yana ɓoye ƙwayar a gwaji, likita ya rasa da wa yake faɗa. In an je da wuri, cikin ruwan wankin ake zuba maganin, mako biyu zuwa uku, yawanci a warke robar tana nan. In an yi jinkiri, ko kwana biyar suka wuce ruwan bai washe ba, sai a cire robar. In ƙwayar dangin funfuna ce, wadda takan biyo bayan yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, cirewa ake yi ba jira. Kuma kowace kamuwa tana barin tabo a tantanin, har ya zo ya daina tacewa.

Daga Jiga Makera zuwa inda likitan ƙoda yake tafiya ce, kuma kuɗin mota ba ya faɗowa daga sama. Don haka a yi shirin tun ana lafiya. Lambar asibiti a rubuce a bango. Kuɗin mota a ƙulle a gefe, ba a taɓa shi ko don cefane. A san direban da za a buga wa ƙofa da tsakar dare. Sannan a kula da ciki ya riƙa tafiya kullum, kuma duk aikin da za a yi wa marar lafiyar, cire haƙori ne, ko duba hanji da na'ura, ko aikin mata, a fara gaya wa likitan ƙoda.

Na san abin da wani zai ce: ai ciwo da lafiya na Allah ne, abin da Ya rubuta ba makawa. Haka ne, wanda ya musa ya fita daga imani. Amma Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya kama hanyar Sham ya ji annoba ta sauka can, juyawa ya yi da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Mu da muke ƙasar Gwandu ba baƙin wannan fahimta ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da na karantarwa ya zauna ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido da basir da ƙoda. Bai ga neman sababi ya rage masa tawakkali ba. Wanda ya wanke hannu, ya rufe taga, ya bi kowane mataki, sannan cutar ta zo, wannan jarrabawa ce, ya yi haƙuri yana da lada, kuma kada kowa ya zarge shi. Wanda ya tsallake mataki don ganda sannan ya ce ƙaddara, ya ci amana ya kuma jingina wa Allah sakacinsa.

Ke da kike wannan aiki, uwa ce ke ko mata ko 'ya, da kai ɗan da ya bar kasuwar Jega da rana tsaka ya dawo don wankin azahar, na san kun gaji. Babu mai yaba muku, domin in kun yi daidai ba abin da ake gani. Ba a taɓa tara jama'a don murnar cutar da ba ta zo ba. Amma irin aikin nan da ba idon kowa a kai, shi ne wanda riya ba ta samun wurin shiga. Minti ɗayan nan da kike cuɗa sabulu cikin sanyin asuba, alhali da kin taƙaita ba wanda zai sani, ki ƙulla niyya a kansa. Ki yi bisimilla kafin ki sa takunkumi, ki yi zikirinki a zuci sa'ad da robar ke buɗe, ki yi hamdala in kin ga ruwa garau.

Sauranmu kuma da Allah Ya bar wa ƙodojinmu, akwai rabonmu a ciki. Sabulu, auduga, filasta, takunkumi, itacen tafasa ruwa, duk kuɗi ne, kuma kullum ake bukatarsu. Mai zuwa dubiya da lemo da maltina, waɗanda wataƙila ma an hana marar lafiyar sha, ya canza su da sandar sabulu da man shafa hannu. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Jega da ke zaune cikin unguwanninmu, ku leƙa irin waɗannan gidaje da izinin masu su, ku duba yadda ake wanke hannu. Mai hawan jini da mai ciwon sukari su riƙe maganinsu, su rage haɗiyar magungunan ciwon jiki da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, don kada su ma su kai ga roba.

Ya Allah, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa. Ka ƙarfafi masu jinyarsu, Ka tsare hannayensu daga rafkanwa, in sun yi kuskure Ka ba su ƙarfin halin faɗa. Ka buɗa wa wanda ba shi da kuɗin magani ta inda bai zata ba. Ka jiƙan waɗanda wannan ciwo ya yi ajalinsu. Amin.

Wanda kuma ya ɗaga ledarsa da safen nan ya ga ta yi duhu, don Allah kada ya jira rana ta ɗaga. A ƙulle ledar, a nemi mota.